Ranar Da Na'ura Ta Gane Gwaggo

Tun da na dawo daga Jidda ba ni da sakat. A ofis, a gidan suna, har a layin shan mai, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Dakta, ya Jidda? An ce har jawabi kika yi a gaban Larabawa da Turawa." Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in kawo wata hira. Maƙwabciyata ta ce tun da na hau jirgi na koyi rowar labari. To ga shi na zauna zan rubuta, wanda ya sake tambaya in miƙa masa. Sai dai wanda ya zo jin labarin kantuna da fitilun bakin teku ya yi haƙuri, ba shi na kawo ba.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, ina koyar da ilimin kwamfuta a Zariya, kuma muna da wata 'yar ƙungiya, mu malamai da lauyoyi kaɗan. Abin da muke faɗa a kai shi ne wannan ƙirƙirarriyar basira da ake sa wa na'urori, wadda yanzu ita ke duba fuskar mutum ta ce shi ne ko ba shi ba ne. Waɗanda suka koya mata gani, da hotunan fararen fata suka koya mata. In ta ga baƙar fuska sai ta rikice, ko ta ce ba ta ga kowa ba, ko ta ɗauki Audu ta ce Tanko ne. Shekara da shekaru ina yawo da magana ɗaya a baki: a gan mu yadda ake ganin kowa, kuma in za a zauna tsara dokokin abin, a ba mu kujera. Wannan surutun nawa ne ya sa aka gayyace ni wani taro a Jidda.

Akwai kuma abin da ya fi taron ja na. Kakana ya tafi aikin Hajji a ƙafa ta hanyar Sudan, shi da kakata, suka bar mahaifina ɗan yaye a hannun dangi da niyyar su dawo. Ba su dawo ba. A can suka haifi mata biyu, Gwaggo Rakiya da Gwaggo Hauwa. Baba bai san ƙannen nasa ba sai da ya je Hajji da furfurarsa. Shekara goma sha wani abu da suka wuce aka aiko mana Gwaggo Hauwa ta rasu. Na tuna Baba ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba. A shekarar na haihu, ya ce a sa wa jaririyar Hauwa'u. Shi ma yanzu ya kwanta dama. Saura Gwaggo Rakiya ke nan, wadda ban taɓa gani ba, sai dai muryarta a waya ranar Sallah.

Na bar Zariya da sassafe a motar haya, da akwati ɗaya na kaya, ɗaya na tsaraba: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji da man shanu a gora. Direban irin masu gudun nan ne da suke ganin birki ado ne. Kafin mu kai Kwanar Ɗangora gorar man shanun ta buɗe, ta bi ta jiƙa atamfar da na ɗinka musamman don ranar jawabi, wadda na cusa cikin tsarabar don akwatin kayan ya cika. A filin jirgin Kano wani ma'aikaci ya buɗe akwatin, warin daddawa ya buge shi, ya ja da baya ya ce, "Hajiya, taro za ki ko gidan abinci za ki buɗe?" Ya ƙwace sauran man shanun, wai doka ta hana. Ina kyautata zaton a daren tuwon gidansa ya yi daɗi.

Jirgin cike yake da masu zuwa Umra. Wata tsohuwa daga Ringim da ke kusa da ni ta damƙa mini fasfonta tun kafin mu tashi, ta ce in riƙe mata tunda na yi kama da masu ilimi. Da jirgi ya ɗaga ta kama hannuna tana salati da ƙarfi, ba ta sake ni ba sai da aka kawo abinci. Ta buɗe, ta shinshina, ta rufe, ta ciro ƙuli-ƙulinta daga lalita muka ci tare.

A Jidda muka shiga layin duba fasfo. Wani Bature ne a gabana. Ya tsaya gaban na'urar, kafin ya gama gyara kwalar rigarsa ta ba shi koren haske ya wuce. Da na matsa sai abin ya tsaya yana juyi. Ma'aikaciyar, wata yarinya cikin niƙabi, ta ce in cire gilashi. Na cire. Ta ce in ja mayafi baya, in ɗaga kai, in matso wajen fitila. Duk na yi, na'ura ta ce ba ta gan ni ba. Yarinyar ta gaji, ta ɗan kalli hoton fasfon, ta ɗan kalle ni, kallon da bai kai ƙiftawar ido ba, ta danna wani abu da hannu ta ce, "Yalla." Wallahi maimakon in ji haushi daɗi na ji. Na ce a raina na samu abin buɗe jawabi.

Masaukin da aka ba mu dogon bene ne kusa da teku, sanyinsa kamar firjin mai kifi. Na daɗe ina laluben makunni a ɗaki kafin in gane sai an soka katin ƙofa a bango wuta ke kamawa. A gida baƙo ko na kwana ɗaya ne sai an tambaye shi hanya da mutanen gida. A nan murmushi za a yi maka a miƙo kati. Abincin safe zaitun ne da cuku da wani burodi mai sanyi, babu ko ƙwayar barkono, har sai da na koma ɗaki na ɗebo yajin Gwaggo. Wanda ya ɗauko mini akwati baƙi ne wuluk da shi. Na gwada shi da "Sannu da aiki." Ya waiwaya hagu da dama tukuna, sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Yauwa Hajiya, sannu da zuwa," ya fita da sauri.

Da la'asar ɗan Gwaggo Rakiya ya zo ɗaukata. Sunansa Abdul'aziz, ana ce masa Azzuz, magidanci ne, yana aiki a wani sito a Khumra, can kudancin gari inda manyan motoci ke sauke kaya. A Jidda aka haife shi, yana jin Hausa sarai, amma in zai yi magana sai ya riƙa ciko da Larabci. Ni 'yar namiji, shi ɗan mace, taubasai ke nan. Don haka ina ganinsa na ce, "Kai bawana, zo ka ɗauki jakar uwargijiyarka."

Fuskarsa ta canza nan take. Ya ɗauki jakar, sai da muka shiga mota ya ce, "Yaya Maimuna, min fadlik, don Allah kar ki ƙara faɗin wannan kalma a nan. Mun ji ta a makaranta, mun ji ta a titi. Ta ishe mu."

Na yi ta bayanin wasan taubasai, cewa a gida wannan zumunci ne. Ya ce ya taɓa jin labari wurin tsofaffi, ma'alesh, ya wuce. Kunya ta rufe ni har muka isa Madain Fahd ban ƙara tsokanarsa ba.

Unguwa ce babba, benaye masu hawa uku da huɗu, ƙasansu shaguna. A wata kwana na ji ƙamshin da na sani, na leƙa sai ga tsire da ƙuli a kan wuta, Larabawa sun yi layi. Azzuz ya ce a nan siriya suke ce masa, kakanninmu ne suka kawo shi, yanzu kowa na cewa abincin garinsu ne.

Gwaggo na tsaye a bakin ƙofar ɗaki. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, da goshin Baba sak. Ta rungume ni tana kuka tana cewa, "'Yar Yaya Sale, 'yar Yaya Sale." Hausarta irin ta mutanen da ce, kalmomin da tun rasuwar tsofaffin gidanmu ban ƙara ji ba. Da na riƙe hannunta na ji tafin sumul kamar an goge, ta ce wankau ne na shekaru a gidajen mutane a unguwar Ammariyya, sinadarin wanki ya cinye zanen yatsun. Da na buɗe tsaraba ta ɗauki daddawa ta kai hanci ta rufe ido, ta ce ƙamshin ɗakin innarta ke nan.

Aka kawo gahawa a wasu 'yan mitsi-mitsin kofuna da dabino. Ina shanyewa a ƙara, ina shanyewa a ƙara. A gida in ka bar abin da aka zuba maka raini ne, don haka na yi ta sha har gabana ya fara bugawa. Ashe girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Gwaggo ta yi dariya har da tari. Sannan aka ajiye faranti guda na shinkafa da kaza, kabsa suke ce mata, muka sa hannu tare.

Muna cikin ci wayar Gwaggo ta yi ƙara. Azzuz ya duba, ya yi tsaki, ya ɗaga wayar saitin fuskarta. Ta tsaya cak tana kallo. Wayar ta yi juyi ta nuna ja.

Na ce me ke nan? Azzuz ya yi mini bayani. Iƙamar Gwaggo, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa. Haihuwa a ƙasar ba ta sa mutum ya zama ɗan ƙasa, ko a nan aka yanke cibiyarka sai da iƙama kake zama. Da can in lokacin sabuntawa ya yi, yatsunta ba sa kamawa, sai ma'aikaciya ta ɗaga niƙabi ta dube ta ta sa hannu. Yanzu sai waya ta gane fuskarka, ita kuwa ta ƙi. In iƙama ta mutu babu asibiti, ga shi Gwaggo na da ciwon suga, kullum sai ta yi allura. In kuma aka kama mutum babu takarda sai tarhil, a sa shi a jirgi a mayar da shi ƙasar da aka ce tasa ce. Ya ce yana magana da kafili, Balaraben da takardar ke ƙarƙashin sunansa, ko za a samu hanyar da ake bi wa tsofaffi da hannu. "Sai sabr, Yaya, sai haƙuri. Shwayya shwayya, a hankali."

Ni fa nan jinina ya hau. Na ce wannan ai shi ne abin da ya kawo ni ƙasar nan! Na'ura ce ba ta ganin baƙar fata, ni ma jiya ta yi mini. Na fara zuba musu lacca a kan farantin shinkafa.

Gwaggo ta ce, "Bar shi ɗiyata, ci abinci."

Na ɗauka irin tsoron nan ne na wanda ya saba a taka shi. Na ciro wayata na ɗauki hoton fuskar tata wayar, da jan rubutun, da sunanta da lambar iƙama duk a jiki. Azzuz ya buɗe baki zai yi magana, Gwaggo ta harare shi. 'Yar wanta ce ta zo gidan ranar farko, ba a hana ta abu. Ta dai tambaye ni, "Hoton na kallo ne ko?" Na ce e, Gwaggo.

Washegari aka buɗe taro. Zaure ne makeke, kowa da abin fassara a kunne. Na duba kujeru, mu baƙaƙen da ke zaune ba mu cika yatsun hannu ba. Sauran baƙaƙen da ke zauren suna tsaye jikin bango da butocin gahawa. Aka yi ta magana a kan adalci da tafiya da kowa, ana tafi.

A lokacin shan iska na tsaya wurin wani kamfani da ke nuna sabuwar na'urarsu. Wakilinsu mutum ne mai ladabi, kuma har yau ban ɗauke shi mugu ba. Ya ce sun ji koke-koken irinmu, sun tara hotunan 'yan Afirka masu yawa sun sake koya mata. Ya ce in gwada. Na tsaya da gilashina da mayafina, a gefen da babu haske sosai. Kafin in gyara tsayuwa ta fito da sunana. Sai da ƙwalla ta taru a idona. Abin da na yi shekaru ina nema ke nan.

Nan na ciro hoton na nuna masa. Na ce ga tsohuwa, a garin nan aka haife ta, ana neman hana ta magani don na'ura ba ta ganin fuskarta. Ransa ya ɓaci da gaske. Ya ce abin kunya ne, kuma an riga an kafa sabuwar tasu a wasu ofisoshi, in tura masa, zai sa a kira ta a duba ta a kan sabuwar a gama. Na tura masa a tsaye a wurin. Ranar na koma masauki ina jin kaina kamar wadda ta kai wa dangi ruwa a fari.

Kwana bai yi nisa ba, washegari da azahar Azzuz ya kira ni. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Yaya, wa kika ba hoton nan?" Na faɗa masa da fara'ata. Ya ce in sauko yana ƙasa.

Ya ɗauke ni sai gidansu. Na tarar da Gwaggo a kan dardumar sallah, wayar na gabanta. Saƙo ya shigo: an dakatar da iƙamarta, ta zo ofis da kanta jibi da safe a duba fuskarta.

Na ce to ai shi ke nan, sabuwar na'urar ba ta kuskure, na gwada da kaina.

Gwaggo ta ce, "Zauna, Maimunatu." Na zauna. Ta ce, "Wayar nan ba ƙarya ta yi ba. Ni ba Rakiya ba ce. Ni ce Hauwa."

Na dubi Azzuz. Ya sunkuyar da kai.

Ta ba ni labari a hankali, tana murza carbi. Rakiya ta samu iƙama ta wajen mijinta, mahaifin Azzuz. Ita Hauwa a gida aka haife ta, ba ta taɓa mallakar takarda ko ɗaya ba. Rayuwarta duk a ɓoye ta yi ta, daga gidan wanki zuwa ɗaki, in ta hango motar 'yan sanda ta shige lungu. Da ciwon suga ya kama ta, maganin wasu take roƙa. Sai Rakiya ta kwanta 'yar gajeriyar jinya ta cika a gida. Tun kafin a yi mata wanka manyan matan unguwa suka shigo suka rufe ƙofa, suka ce a yi yadda aka saba.

Ta ce, "Mu nan ba a binne takarda, ɗiyata. Mutum ake binnewa. In mai iƙama ya rasu, akwai ɗan'uwansa da ba shi da ita, sai a ce marar takardar ne ya mutu. Haka aka yi wa mutane da yawa. Aka kai Rakiya da sunana. Na zauna a zaman makokina, mata na shigowa suna ce mini, Rakiya ya haƙurin Hauwa, ina cewa da godiya. Wasunsu sun sani, wasu ba su sani ba."

Na ce, "Amma Gwaggo, ko mu? Ko Baba?"

"A waya? Waya tana da kunne. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Sannan ta ce, "Yaya Sale ya yi mini kuka?"

Na ce, "Ya yi, Gwaggo. Har 'yata sunanki gare ta."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Da ta share ido ta ce, "Kin ce kin zo ne a gan mu. Mu kuwa rashin ganinmu ne ya rufa mana asiri. Ma'aikaciya ta ɗaga niƙabi ta ga baƙa, ta dubi hoto ta ga baƙa, halas, shi ke nan. Ba su taɓa tsayawa sun kalle mu ba, da haka na sha magani shekarun nan."

Ban taɓa jin na tsani ilimina ba sai ranar. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne. Na fita baranda na kira mutumin kamfanin, na ce a janye maganar, tsohuwar ba ta jin daɗi. Ya ce abin ya bar hannunsa, ya shiga tsari. Ya ƙara da cewa in kwantar da hankalina, na'urar ba ta rikita baƙi da baƙi yanzu.

Muka zauna shawara. In ba ta je ba, za a bi ta wurin kafili, daga nan a zo kan Azzuz, shi ma da iyalinsa a kan iƙama suke. Allurarta kuma ta ƙare ke nan. Azzuz ya ce zai kai ta Khumra ya ɓoye ta a ɗakin wasu leburori. Gwaggo ta ce, "La, a'a. Na yi ɓuya ina da ƙafa, ba zan koma ina jan jiki ba. Zan je. Ai mun yi kama, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ana gobe za ta je, matan unguwa suka cika ɗakin. Suka ɗauko tsohon hoton Gwaggo Rakiya suka jingina da bango. Wata ta ce a ja mata kwalli ya yi tsawo, haka marigayiya ke yi. Wata ta ce Rakiya ta fi kumatu, a sa auduga a baki. Wata tana koya mata yadda za ta karkata kai. Gwaggo na zaune da madubi a hannu tana gwadawa, har suna dariya in ta yi ba daidai ba. Ni kaɗai a ɗakin na san na'urar ba kwalli take dubawa ba, ƙashin fuska take aunawa, tazarar ido da ido, abin da auduga ba ta gyarawa. Suka juyo suka ce, "Dakta, ke da kika san abin, ya yi?" Na ce ya yi.

Safiyar da za ta je ofis ita ce safiyar jawabina. Na so in bi su, Azzuz ya ce fuskata ta baƙuwa za ta ƙara jawo ido. Na sa atamfata da tabon man shanun da bai gama fita ba, na hau dandamali. Takardar da na rubuto tana hannuna, amma na kasa karanta ta. Gaskiyar da ke bakina kuma ba ta faɗuwa, don faɗinta tona asirin unguwa guda ne. Abin da na iya cewa shi ne, bai isa a ce na'ura ta iya ganinmu ba, sai an tambaya a hannun wa take, kuma me zai sami mutum bayan an gan shi. Na ce mutanen da za a fara haska musu ita suna nan cikin garin nan, iyayensu da kakanninsu a nan aka binne su, kuma babu wanda ya tambaye su ko da kalma ɗaya kafin a kafa ta. Na ce ko ni da na zo da sunansu ban tambaye su ba.

Aka tafa mini daidai yadda aka tafa wa na gabana. Shugaban zama ya gode mini, ya ce a fita shan shayi.

Ina sauka na duba waya. Azzuz ya rubuto, "Sun riƙe ta." Daga baya ya gaya mini na'urar ko juyi ba ta yi ba. Da aka shiga da ita ciki, Gwaggo ta cire audugar da kanta ta ajiye a kan tebur, ta rantse ita kaɗai ta ɗauki takardar 'yar'uwarta, shi Azzuz ba ya gari lokacin. Shi ma sun yini suna yi masa tambayoyi, har yau maganarsa ba ta mutu ba.

Sauran kwanakina na yi su ne daga wannan ƙofa zuwa waccan. Na je gidan da ake tsare masu jiran tarhil da allurarta a jaka, aka karɓi allurar aka ce ba a ganin mutum. Na je ofishin jakadancinmu, wani ya saurare ni da kyau, ya ce irin wannan ba ita ce ta farko ba, za su ba ta takardar tafiya in an kawo sunanta. Takardar bayan taronmu ta fito, an sa layi ɗaya da ke cewa a kula da kowa da kowa. Bizata ta ƙare.

Azzuz ne ya kai ni filin jirgi. Ya sauke mini akwati, babu komai a na tsarabar. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ban ce laifinki ba ne, Yaya. Ko ba ke ba, ranar za ta zo, wallahi mun sani." Ya tsaya yana wasa da mukullin mota. "Bas, sai dai na so a ce ta ƙara azumi ɗaya a ɗakinta."

Na dawo Zariya na ci gaba da shiga aji. Bayan wasu makonni Azzuz ya kira ya ce an sa ta a jirgin da zai sauka Kano. Na je na tsaya tun hantsi. Sai bayan la'asar aka fito da su, maza da mata a jere, kowa da silifa da 'yar leda a hannu. Da ƙyar na roƙi wani jami'i ya bar ni na shiga, na ce akwai tsohuwa marar lafiya. Na hango ta can baya, ta rame, baƙar abayarta ta yi fari da ƙura. Na kama hannunta, ta ce, "'Yar Yaya Sale."

Akwai tebur da ake rubuta waɗanda aka dawo da su. Da layi ya zo kanmu, ma'aikacin bai ɗago ba ya ce, "Hajiya, suna?"

Ta juyo ta dube ni. "Wanne zan faɗa?"

Na ce, "Naki, Gwaggo."

Ta gyara tsayuwa ta ce, "Hauwa'u Musa."

"Garinku?"

"Jidda."

Ya ɗago yana dariya. "A'a Hajiya, ai kin dawo gida yanzu. Garinku na nan nake tambaya."

Gwaggo ta dubi ƙofar fita, inda masu tasi ke ta kiran Sabon Gari da Zariya da Katsina. Ta ce, "Yaro, rubuta duk wanda ka ga dama. Ban taɓa zuwa ko ɗaya ba."